Wanda Ya Karanta Ilmin Muhalli Bai Sami Aiki Ba, Ina Zai Dosa?

Daga Malamin Gona, Kebbe

Jama'a masu karatun wannan fili, a wannan mako za mu ɗan ajiye zancen iri da taki, mu duba wata magana wadda ta ke damun gidaje da yawa a ƙasar Kebbe da Tambuwal, watau maganar 'ya'yanmu da suka gama jami'a suka komo gida suka zauna ba aiki. Ba dukansu za mu taɓo ba. Za mu ɗauki waɗanda suka karanta ilmin da Turawa ke kira Ikoloji, da 'yan'uwansa kamar ilmin gandun daji da na kifi da na tsirrai, domin su ne makusantan aikinmu na gona.

Ga abin da ya kawo maganar. Ranar wata kasuwa bayan an gama yankan gero, wani dattijo abokin mahaifina ya tare ni a bakin rumfar masu taki. Da muka gaisa sai ya ce, "Malam, don Allah mi yaron ga nawa ya karanta? Shanun huɗa biyu na sayar, na jinginar da gonata ta fadama, har ya gama. Yau shekara uku da ya ƙare bautar ƙasa. In na tambaye shi sai ya ce mini ya karanta zaman itace da ƙwari da ruwa. Ni ban san ofishin da a ke ɗaukar mai irin wannan karatu ba. Yanzu kuwa ya ce zai bi abokansa wurin haƙar zinariya."

Na ce, "Baba, ka turo mini shi gida bayan la'asar." Ya zo, muka zauna, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Abin da muka tattauna shi ne darasinmu na yau, gama na san ba shi kaɗai ba ne.

MENE NE IKOLOJI?

Bari mu fara amsa tambayar dattijo. Ikoloji shi ne sanin yadda halittu ke zaman cuɗanya da junansu da kuma wurin da su ke zaune, watau ƙasa da ruwa da iska da rana. Manomi yana da rabonsa na wannan ilmi ko da bai taɓa jin sunan ba.

Dubi gawo. Duk itatuwa suna yin ganye da damina, shi kuwa sai ya kakkaɓe nasa, don haka ba ya tare wa gero rana. Da rani sai ya yi ganye da 'ya'ya, dabbobi su taru a inuwarsa su ci, su bar kashi a gindinsa. Saiwarsa kuma tana tara wa ƙasa sinadarin da mu ke saye a buhun yuriya. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na tsakiyar fili kyau. Wanda ya iya bin wannan zare tun daga itace zuwa dabba, daga dabba zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa rumbu, to, ya san Ikoloji.

Haka nan a Argungu, masu sarautar ruwa su kan hana su a Matan Fada sai lokacin biki ya zo, kifi ya sami sararin hayayyafa ya girma. Wannan ma shi ne. Abin da jami'a ta ƙara wa yaro shi ne awo da lissafi da rubuta abin da ya gani, da sanin abin da aka gano a wasu ƙasashe.

ME YA SA AIKIN YA YI WUYA?

Dalili na farko, masu takarda sun yi yawa, kujeru ba su ƙaru ba. A 1975 aka kafa jami'a a Sakkwato, wadda a ke kira Jami'ar Usmanu Danfodiyo tun 1988, ta daɗe ita kaɗai ce a duk faɗin tsohuwar Jihar Sakkwato. Yanzu akwai ta Jiha a Sakkwato, akwai ta Aliero, akwai ta Birnin Kebbi da ta Gusau, a 2020 kuma aka mai da kwalejin aikin gona ta Zuru jami'a. Kowace shekara suna yaye ɗalibai. Ofisoshin muhalli da na gandun daji kuwa sai a yi shekaru ba su ɗauki sabon ma'aikaci ba.

Dalili na biyu, ba safai a ke neman ma'aikaci da sunan Ikoloji ba. Za ka ji ana neman mai renon itatuwa, ko mai ɗibar bayanai a ƙauyuka, ko malamin ilmin halittu. Wanda ya tsaya jiran a kira sunan digirinsa zai daɗe yana jira.

Dalili na uku yana wuyan yaran da kansu, kuma tilas a faɗa. Na ɗauki yaron nan muka fita bayan gari, na nuna masa sabara da geza da kalgo. Ya kawo sunan kowanne da Latin, bai yi kuskure ba. Na ce, "To, wanne ne awaki suka fi ci da rani, wanne ne mata suka fi so a murhu?" Ya yi shiru. Na ce, "Ka taɓa renon itace tun daga ƙwaya har dashe?" Ya ce, "Wallahi, Yaya, a takarda dai." Ni ma da na fito makarantar koyon aikin gona ta Samaru, sai da tsofaffin manoma suka sake koya mini rabin abin da na ke taƙama da shi. Ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ƙin koyo.

To, ga ƙofofi biyar. Mai hankali zai ƙwanƙwasa fiye da ɗaya a lokaci guda.

ƘOFA TA FARKO: AIKIN GWAMNATI

Ba mu ce a daina nema ba. Amma a san inda za a nema. A Jiha akwai ma'aikatar muhalli da sashen gandun daji, da ma'aikatar gona da hukumar malaman gona. A Tarayya akwai hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tsare dokokin muhalli. Akwai hukumar Babbar Katangar Itatuwa, wadda doka ta kafa a 2015, tana aiki a jihohi 11 na bakin hamada, har da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Ita wannan katanga shiri ne na Tarayyar Afirka tun 2007, daga Senegal har Jibuti. Akwai hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima mai kula da madatsun Bakolori da Goronyo. Daga kudu da mu, a Sabuwar Busa, akwai gandun namun daji na Kainji da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi.

Yawancin waɗannan ta intanet su ke shelar ɗaukar ma'aikata, kuma ba su daɗewa su ke rufewa. Saboda haka yaro ya ɗauki hoton takardunsa duka ya ajiye a waya, ya riƙa dubawa kowane mako.

Gargaɗi ɗaya. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo takardar ɗaukar aiki, a guje shi. Na san gidan da aka sayar da tumaki aka ba wani, aka kawo musu takarda mai tambari, yaro ya tafi kama aiki aka ce ba a san da ita ba. Ga asarar dukiya, ga kunya.

ƘOFA TA BIYU: AYYUKA MASU WA'ADI

Wannan ƙofa ta fi ta farko buɗuwa, sai dai ba ta da fansho. A watan Disamba na 2021 ne Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, na farfaɗo da ƙasar da ta mutu da gyaran magudanan ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin wannan shiri, da na ƙungiyoyin agaji, su kan ɗauki matasa na 'yan makonni ko watanni, su ƙirga itatuwa, su auna filaye, su yi wa manoma tambayoyi.

Haka kuma tun 1992 akwai doka a Nijeriya cewa kafin a yi babban aiki, kamar madatsar ruwa ko masana'anta ko babbar hanya irin ta Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024, sai an binciki abin da zai jawo wa ƙasa da ruwa da jama'ar wurin. Kamfanonin da ke wannan bincike daga birane su ke zuwa. In sun zo suna bukatar ɗan ƙasa wanda ya san sunayen itatuwa da Hausa da Latin, ya san hanya, ya san yadda a ke shiga wurin hakimi da mai gari.

Abin da a ke tambaya a nan abu huɗu ne: iya ɗaukar wuri da na'urar GPS ta waya, iya cika tambayoyi a manhaja irin su KoboToolbox, iya zana taswira da QGIS, da iya rubuta rahoto gajere mai tsabta da Turanci. Manhajojin nan ana samunsu kyauta. Wanda ya ba su wata uku da gaske zai iya. Ya fara da taswirar gonar ubansa da ta maƙwabta, ya sa kowane itace a wurinsa. Ranar ganawa wannan taswira za ta yi masa magana fiye da takardar shaida.

ƘOFA TA UKU: KOYARWA

Makarantun sakandare na ƙauyukanmu suna ƙarancin malaman ilmin halittu da na aikin gona. Mai digirin da ba na koyarwa ba ya kan ƙara difloma ta koyarwa, wadda a ke yi a jami'o'i da kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, sa'an nan ya yi rajista da hukumar rajistar malamai. Albashin ba shi da yawa, musamman a makarantun kuɗi. Amma a kan tashi da azahar, yamma ta mutum ce, ya tafi lambunsa. Malamin da ya kafa lambun itatuwa a makaranta kuwa ya sami ɗalibai, ya sami wurin gwaji.

ƘOFA TA HUƊU: ƘARIN KARATU

Wannan ta masu sakamako mai kyau ce waɗanda zuciyarsu ke wajen bincike. A Jami'ar Bayero ta Kano akwai Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, wadda aka kafa a 2012. A Jos akwai cibiyar APLORI ta binciken tsuntsaye, tana ba da digiri na biyu kan kiyaye halittu. Ga kuma Samaru. Amma kada a sake jinginar da gona don a guje wa zaman gida. Wanda zai koma makaranta ya nemi tallafin karatu tukuna, ya kuma tafi da tambayar da ya ɗauko daga ƙasarsa, kamar abin da ke kashe ɗorawa a gonaki, ko yadda za a rage ɓarnar jan-baki a fadamun shinkafa.

ƘOFA TA BIYAR: SANA'AR KAI

Wannan ita ce babba, ita ce kuma babu mai rufe ta. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ƙasar Kebbe tana da faɗin murabba'in kilomita fiye da 2,600, da mutane fiye da dubu 120 a ƙidayar 2006, kusan dukansu manoma da makiyaya da masunta. Ga Gulbin Zamfara, ga Gulbin Ka ta wajen Fakku, ga fadamu, ga tudu. Ka'idar guda ce: manomi ba ya sayen ilmi a baki, amma yana sayen abin da zai ƙara masa dami ko ya tsare masa wanda ya samu. Ga misalai biyar.

1. Renon itatuwa. Ana bukatar ɗan fili kusa da rijiya, da shinge saboda awaki, da rumfar zana. A tara ledojin ruwan sha da a ke yarwa, a huda gindinsu. A haɗa kashi biyu na ƙasar sama, da kashi ɗaya na yashi, da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. A shuka a watan Fabrairu ko Maris, don dashe ya isa fita a watan Yuli sa'ad da ruwa ya zauna. Ƙwayar gawo da ta bagaruwa suna da taurin ɓawo, sai an ɗan kankare gefe ko an jiƙa su a ruwan zafi sun kwana. A lura da abin da mutane ke saye da kuɗinsu: mangwaro mai aure, da gwaiba, da lemo, da zogale, da kashu. Wanda ya iya auren mangwaro da hannunsa ya riƙe sana'a. Darbejiya da gawo kuwa a rena su don makarantu da masallatai da shirye-shiryen dashe.

2. Sassabin zamani. A 1983, a ƙasar Maradi, wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa. Sai ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara rassa ne na kututturen itatuwa masu rai, saiwarsu tana can ƙasa. Maimakon a sare duka, sai a zaɓi reshe mai ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, a yanke sauran, a riƙa yi musu aski suna miƙewa. Manoman Nijar suka karɓa suka yaɗa a tsakaninsu, har masu bincike suka ƙiyasta an farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Ba a sayi leda ba, ba a yi ban-ruwa ba, wuƙa da lauje kawai. A Burkina Faso kuma wani manomi, Yacouba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, ya rayar da faƙo da 'yan ramuka. A kan haƙa rami da rani, faɗinsa kamar taƙi ɗaya, zurfinsa ya ɗan gaza haka, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu biyu, in ruwa ya sauka a shuka a ciki. Mutanen Nijar suna kiransa tassa. Su biyun nan an ba su babbar lambar yabo a Suwidin a 2018.

Ina kuɗin ya ke a nan? Faƙo ba shi da tsada, wani ma aro zai ba ka. Yaron da ya karɓi faƙo ya mai da shi gona cikin damina biyu ko uku ya sami hatsi, ya sami itacen wuta da harawa, ya kuma sami suna. Ranar da wani shiri ya zo neman wanda zai koya wa manoma, shi mai gari zai nuna.

3. Duba gona kafin feshi. Tun 2016 tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo Nijeriya daga nahiyar Amurka. Manoma da yawa suna feshi a makance, wani ya yi da wuri ya yi asarar magani, wani ya makara ya yi asarar gona. Ga yadda a ke dubawa. A ratsa gona a karkace, a tsaya wuri 5, a kowane wuri a duba masara 10, watau 50 ke nan. In masara tana ƙarama aka sami kamar 10 daga ciki da sabuwar ɓarna, lokacin magani ya yi. A fesa da sassafe ko da yamma, a saita cikin zuciyar. In ba su kai haka ba a bar tururuwa da zanzaro da tsuntsaye su yi aikinsu, a komo bayan mako guda. Matashi mai injin feshi da takalmin roba da abin rufe hanci, wanda ya san awon magani, ya kuma san ranar da ba a bukatarsa, manoma za su neme shi su biya.

4. Ajiyar wake ba guba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Abin da Turawa suka ƙi, shi mu ke ci. Akwai buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje. A busar da wake sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi dabam. Ƙwarin sai su rasa iska su mutu. A ɗora buhun a kan katako, a tsare shi daga ɓera, kada a riƙa buɗewa. Mai sayar da buhunan yana nuna yadda a ke ɗaurewa, ko mai sayen wake da kaka ya ajiye zuwa bazara, duk suna cin riba ta halal.

5. Kiwon zuma. Mun gāji rataya amya a kan itace, in an zo ɗiba a sa wuta, a ƙone ƙudan, wani lokaci har daji ya kama. Akwai akwatin katako mai sanduna a sama, faɗin kowace sanda kamar milimita 32, ƙudan su kan gina saƙa ɗaya a kowace sanda. Da ɗan hayaƙi a ke ɗaga saƙar da ta nuna, a bar mai 'ya'ya. Kafintan gari zai iya ƙera shi in an ba shi awo. Zuma tana da kasuwa, kakinta ma haka, ƙudan kuma suna taimakon furen kankana da kabewa da riɗi. Sai dai a nisanta akwati daga gidaje da gonar da a ke feshi.

'YAN MATA FA?

Su ma suna cikin wannan karatu, kuma suna da wata dama da maza ba su da ita. Ni malamin gona ba na shiga gidan kulle. Alhali kuwa a cikin gida a ke kiwon awaki da kaji, a nan a ke man kaɗe da daddawa, a nan a ke ajiyar iri. Yarinyar da ta yi wannan ilmi za ta iya tara matan unguwa ta koya musu renon zogale, da ajiyar wake, da murhu mai cin itace kaɗan. Masu shirye-shirye kullum suna neman mace mai ilmi wadda za ta shiga gidaje, ba su cika samu ba.

ABIN DA ZA A KIYAYE

Na farko, tsaro. Kowa ya san halin da dazuzzukanmu ke ciki saboda 'yan bindiga. Kada wani ya ce na aike shi daji ƙirgar itatuwa. Duk abin da na lissafa ana iya fara shi a bayan gida ko gonakin kusa da gari. In aiki ya kai mutum nesa, ya tambayi mai gari tukuna, kada kuma ya tafi shi kaɗai.

Na biyu, ramin zinariya. Na tuna wa yaron nan abin da ya faru a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010, nan gabas da mu, sa'ad da aka riƙa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, gubar dalma ta kashe yara wajen 400. Na ce, "Kai da ka karanta yadda guba ke bi ta ƙasa da ruwa ta shiga jiki, in za ka je can, ka je a matsayin mai gargaɗi."

Na uku, bashi. Kada a fara da rance. A fara da abin da hannu zai iya, leda ɗari biyu, akwati biyu, buhu biyar. A sami littafi a riƙa rubuta kowace naira da ta fita da wadda ta shigo, da ranar shuka, da yawan abin da ya tsiro. Wannan littafi shi ne bambancin wanda ya yi makaranta da wanda bai yi ba. Shi kuma za a nuna wa ƙungiyar manoma ko banki in lokacin faɗaɗawa ya yi.

Na huɗu, girman kai. Mai digiri ya durƙusa gaban tsohon manomi da Bafulatanin ruga da sarkin ruwa ya yi tambaya. Su ne suka san inda burtali ya bi, da ciyawar da ta ɓace, da shekarar da gulbi ya canza hanya. Ba a rubuta waɗannan a littafi ba tukuna, wataƙila shi ne zai rubuta.

KALMA GA IYAYE

Iyaye, ku yi haƙuri da gori. In yaro ya gama jami'a kuka gan shi yana cika leda da ƙasa, kada ku ce karatu ya lalace. Ku yanka masa ɗan fili, ko da faƙo ne, ku ce nasa ne shekara uku, ya yi yadda ya ga dama. In ya ce a bar wani tsiro a gona kada a sassabe, ku gwada masa a kunya goma ku gani. Kuɗin da kuka kashe ba su dawowa ta hanyar albashi kaɗai.

Shi yaron da muka fara da labarinsa bai tafi haƙar zinariya ba. Mahaifinsa ya ba shi gefen rijiya a bayan gida. Renonsa na farko rabi ya mutu, don ya cika taki ɗanye, ya rubuta wannan a littafinsa. Na biyu ya yi kyau, ya sayar da mangwaro da zogale a kasuwa, wata makaranta ta sayi darbejiya. Bai yi arziki ba, gonar fadama ma ba a fanso ta ba tukuna, kuma har yanzu yana aika takardun neman aiki. Amma ya daina roƙon kuɗin kati, ranar kasuwa kuma na ji wani manomi yana kiransa Malam, yana tambayarsa abin da ke damun lemonsa.

AIKIN WANNAN MAKO

Ga wanda ya yi irin wannan karatu yana zaune, ga abin da za ka yi kafin jarida ta gaba ta fito.

Ɗaya, ka zaga gonar gidanku ka rubuta kowane itace da kowane kututture mai rai, da sunansa na Hausa da na Latin da amfaninsa. Wanda ba ka sani ba ka tambayi mahaifinka.

Biyu, ka tambayi manoma goma abin da ya fi ci musu amfanin gona bara, ka rubuta amsarsu yadda suka faɗa.

Uku, daga cikin amsoshin nan ka zaɓi matsala guda wadda za ka iya magancewa da abin da ke hannunka, ka kai wa malamin gonar yankinku ku duba tare.

Wanda ya yi, ya rubuto wa wannan fili abin da ya gano, za mu buga don wasu su amfana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayanin auren mangwaro daki-daki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.